Efrosini a Takardar Haihuwar 'Yata

Malama Zinatu,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma da wuri. Saura mako huɗu uwar mijina ta sauka a London, kuma mijina ya ce idan ban yi abin da ya umarce ni ba kafin ranar, jirgin da zai mayar da ita gida da ni zai tashi, in bar karatuna a nan. Gara in faɗa miki tun yanzu, abin da ya ce ɗin ba zan yi ba. Abin da nake nema a wurinki shi ne yadda zan ƙi ba tare da aurena ya mutu ba. In babu hanya, ki ce mini babu.

Shekarata ashirin da shida. Na yi digiri a fannin tarihi a Zariya, yanzu ina digiri na biyu a nan. Mijina ma'aikacin gwamnati ne, ma'aikatarsu ta turo shi kwas na shekara uku. Kin san yadda kwas ya koma tun da fetur ya yi daraja: rabi aji, rabi rakiya. Duk wata sai wani babba ya zo daga gida, mijina ya rufe littafi ya raka shi duba injinan da ba a ma gina musu ɗaki ba tukuna. Ba mugun mutum ba ne. Mutum ne dai da bai taɓa iya cewa a'a ga wanda ke gaba da shi ba, shi ya sa duk a'arsa a gida yake sauke ta.

Muna zaune a Haringey, kusa da Green Lanes, a hawan sama na wani gidan haya. A ƙasa akwai wata tsohuwa daga tsibirin Cyprus, cikin Girkawan can. Yaƙin da aka yi shekara uku da suka wuce ne ya kore ta daga ƙauyensu, ta zo wurin ɗanta. Ɗinkin riguna take yi wa wani kanti, keken yana ta ƙara tun safe. Turancinta bai fi cikin cokali ba. Ni Iya nake ce mata. Sunanta Efrosini, mutanensu suna gajarta shi su ce Froso.

A watan Fabrairun bana ina da tsohon ciki, likita ya ce saura mako uku, mijina ya tafi Jamus rakiyar kwana bakwai. Daga can aka ce ya wuce Legas da rahoto. Ranar wata Talata da hantsi ina guga naƙuda ta kama ni, ba irin mai sallama ba. Na kasa kaiwa ga waya. Takalmi na ɗauka na yi ta buga dandamalin ɗakin har keken ɗinki ya yi shiru. Iya ta hau, ta dube ni sau ɗaya, ta leƙa taga ta yi wa maƙwabciya ihu ta kira motar asibiti, sannan ta naɗe hannun riga. Motar ta zo, amma bayan an gama komai.

Malama, yarinyar nan ta faɗo ba kuka. Na ɗaga kai na ga launinta, na san abin da na gani. Iya ta sa yatsa ta share mata baki, ta kifa ta a tafin hannu tana murza bayanta, ta juyo ta ta hura mata iska, tana yi mata faɗa da Girkanci kamar wadda ta kama tana ɓarna. Ban san minti nawa aka yi ba. Da kukan ya fito, sai tsohuwar nan ta zauna a ƙasa ita ma ta fashe da nata. Da zaren kekenta ta ɗaure cibiya. Ni na yi wa 'yata kiran salla a kunne da bakina, domin ranar babu wani Musulmi a gidan sai ni.

Bayan kwana uku telegiram ya zo daga mijina. Barka, a sa sunan Hajiya, wato mahaifiyarsa, za a yanka rago a Gusau. Haka kuwa aka yi. An yi taro, an raɗa suna, an ci nama, an aiko mini da hotuna. A cikin hotunan kowa yana murmushi, har da mutanen da ba su san wace nahiya jaririyar take ba.

Ashe su ma Girkawa suna da arba'in. Iya ta hana ni taka bakin ƙofa. Na yi mata bayanin wankan jego da hannu da ƙafa, ta ce mu mahaukata ne, sannan ta riƙa hawo mini da tukunyar ruwan zafi safe da yamma. Tana dafa mini miyar kaza da lemun tsami da ƙwai. Rana ta farko na ƙi ci, na ce ba na cin abin da ba Musulmi ya yanka ba. Ta ɗauki kwanonta ta sauka. A layinmu mahauci ɗaya ne ke sayar da halal, shi kuma Baturke ne na tsibirinsu, wato daga ɓangaren da sojojinsu suka shiga ƙauyenta. Kafin wannan rana, in ta zo daidai shagonsa tsallaka titi take yi. Tun daga ranar, duk mako sai ta shiga ta sayo mini kaza. Ba ta gaishe shi, nuna kazar take yi da yatsa, amma tana shiga.

Mutanenmu fa? Hansai, matar abokin mijina, ta zo sau ɗaya da gwangwanin hoda, ta ba ni labarin rangwamen da ake yi a Oxford Street, ta ce za ta dawo. Mijina ya iso ranar kwana ashirin, ya yi kwana huɗu, wata tawaga ta sauka, ya koma rakiya. Da na ce masa Turawa kwana arba'in da biyu suke bayarwa a yi rajistar haihuwa, ya ce, "Ki je ki yi mana, ai ke ce 'yar bokon." Ya wuce ƙofar Iya sau takwas a kwanakin nan, na ƙirga ta ƙarar matakala. Bai ƙwanƙwasa ba ko sau ɗaya.

A cikin arba'in ɗin ne ta ba ni labarin sunanta, rabi da baki, rabi da hoto. A wurinsu jika ke ɗaukar sunan kaka. Ita ta gaji kakarta, kakar ta gaji tata, haka har inda ba wanda ya tuna. Ta ce ko a tsibirin sunan ya yi ƙaranci, 'yan zamani suna ganin na tsofaffi ne. Ɗanta ɗaya, ya auri Baturiyar Ingila, suka haifi mace. Ta ɗinka riga ta zauna jira. Aka sa wa yarinya Jane. Ta ce mini ba komai, da irin muryar da mu ma muke cewa ba komai.

To kin san al'adarmu. Yarinyar 'yar fari ce, kuma sunan uwar miji gare ta. Ta kowace fuska bakina ba zai faɗi sunan ba, ko a wannan takarda kin ga ban rubuta shi ba. Dole in nema mata abin kira. Wasu su ce Ummi, wasu Mama, wasu Walida. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambayi uwa dalilin laƙabin da ta zaɓa. Ni sai na fara ce mata Froso.

Ranar rajista tare da Iya muka je. Ba zan yi miki ƙarya in ce kunya ce ta ɗaure mini harshe a gaban Bature ba. Tun a cikin bas na gama yanke shawara. Na rubuta Efrosini a farko, sunan Hajiya na biye, sannan sunan gidan su mijina. Mai rajista ya karanta da ƙarfi don ya tabbatar. Iya ta nemi kujera ta zauna. Ba ta ce na gode ba. A hanyar dawowa kuwa tun daga ofishin har gida faɗa take yi mini wai hular yarinya ba ta rufe kunne ba.

Ban gaya wa mijina ba. Shi ma bai tambayi takardar ba. Wata bakwai yana jin ina cewa Froso, ya ɗauka irin shirmen da uwa ke yi wa jariri ne, har shi ma yakan ce Furoso in yana cilla ta sama. Watan jiya ranar riga-kafi, abin mamaki, ya ce zai raka mu. Muka tarar da Hansai da nata yaron. Ma'aikaciyar jinya ta fito da kati ta kira Efrosini, ta haɗa da sunan gidansu. Mijina yana waige-waige yana neman wane Bature ne yake da irin sunan gidansu, sai ya ga na miƙe. Hansai ta ce, "Ikon Allah, yaushe aka yi wani sunan ba a gayyace mu ba?"

Mijin Hansai, Malam Uwaisu, lauya yake karanta, kuma ba ya iya ganin wuta bai kawo takarda ba. Ya je laburare, ranar Juma'a bayan an sauko daga sabon masallacin Regent's Park ya miƙa wa mijina abin da ya kwafo. Wai sunan gunkiya ne, ɗaya daga cikin 'ya'ya mata uku na babban gunkin Girkawan dā, kuma akwai waliyyiyar Kirista mai sunan. Yau kwana goma sha ɗaya mijina bai ci abincina ba. A gidan Uwaisu yake ci, ni kuwa na san girkin Hansai, saboda haka shi ma yana shan nasa hukuncin.

Ni ma na san hanyar laburare. Sunan haɗin kalma biyu ne. Ta farko tana nufin mai kyau. Ta biyu kalma ce ta tantanin da ke tsakanin ƙirji da ciki, inda mutanen dā na can suka ɗauka hankali da zuciya suke zaune. In an haɗa, ma'anarsa walwala, sakin rai, irin na mutanen da suka taru suka ci suka sha ba wanda ya ɓata wa wani. Wato su ma a ciki suka ajiye murnarsu kamar yadda muke cewa farin ciki. Kalma ce ta yau da kullum a tsohon harshensu. Gaskiya ne sun yi gunkiya sun sa mata sunan, amma mutanen nan ba abin da suka bari bai zama gunki ba, har barci da gardama. Na ce wa mijina watan Janairu da na Maris ma sunayen gumakan Rumawa ne, ban ga ya ƙi rubuta su a saman wasiƙunsa na ofis ba. Na ce masa a gidansu akwai Talatu, akwai Tanko, akwai Ajuji da aka sa wa sunan juji, wane littafi aka buɗe kafin a kira su? Ya ce wannan bakin nawa shi ne abin da jami'a ta ƙara mini.

Sharaɗinsa shi ne in koma ofishin da ƙafata in sa a cire sunan kafin Hajiya ta zo ganin likitan ido bayan ta dawo daga aikin hajji. Ya ce ba zai iya duban mahaifiyarsa ba alhali sunan wata Banasariya yana gaban nata.

Malama, matar nan ta hura wa 'yata numfashi. A gida ko ungozomar da ta yanke cibiya kawai ana kai mata rabonta na naman suna. Wannan ko ƙashi ba ta gani ba, ko sannu ba ta samu daga uban yarinya ba. Abu ɗaya nake da shi da zan iya ba ta, na ba ta. Yanzu a ce in je in karɓe? Ba ta san ana rigimar nan ba, jiya ma ta hawo da wata 'yar riga da ta ɗinka wa takwararta. Ina son mijina, ina son karatuna, ba na son in koma gida a matsayin wadda aka koro. Amma hannun da ya rubuta sunan nan ba zai goge shi ba. Ki gaya mini yadda zan yi.

Mai ɗakin sama,
Haringey, Nuwamba 1977


Ƙanwata,

Akwai hanya, amma farkonta ba zai yi miki daɗi ba, domin da ban haƙuri take farawa, kuma ke za ki bayar.

Bari mu fara da sunan, tun da a kansa kuke cewa kuna faɗa. Na duba, na kuma tambayi wata abokiyar aikina da ta san harshen. Abin da kika samo daidai ne. Abin da Malam Uwaisu ya samo shi ma daidai ne. Shafi ɗaya kuka buɗe, shi ya kwafi rabin da zai tayar da hankali, ke kika kwafi rabin da zai kwantar da naki. Ma'anar kalmar mai kyau ce, kuma matar da kika yi wa takwara ba gunkiya ba ce, tela ce. Amma damuwar mijinki ba shirme ba ce. Musulmin da ya ji an haɗa sunan 'yarsa da gunki, in gabansa bai faɗi ba, shi ne abin tambaya. Maganar Janairu da Maris ta yi daɗin faɗi, na yarda, sai dai ba wanda yake renon wata a cinyarsa. Ni ba malama ba ce ta wannan fanni. Ku je Regent's Park ku biyu, ku kai wa liman shafin gaba ɗayansa, ki kuma ba shi labarin ranar Talatar nan kamar yadda kika ba ni. Ki tuna masa, ki tuna wa kanki, sunan yanka yana nan daram. Shi aka raɗa, a kansa aka yi addu'a. Mai rajistar Haringey bai yanka ko tattabara ba. In malam ya ce a matsayin abin kira babu laifi, kin sami abin da ya fi takardar Uwaisu nauyi. In ya ce akwai abin ƙi, ki saurara da kunnen ɗaliba, kada ki je da amsarki a jaka.

Yanzu ga naki. Al'ada ta ba ki damar zaɓen laƙabi, gaskiya ne, amma ba ta ba ki damar ɗora shi a gaban sunan yanka ba, kin kuma san haka tun kina cikin bas. Sannan kika yi shiru wata bakwai, kika bar mutum ya ji sunan 'yarsa daga bakin baƙuwa, a gaban macen da kika san kafin magariba labarin ya kai har unguwar Stratford. Kin ce godiya ce ta sa ki. Na yarda da kashi bakwai cikin goma. Sauran ukun haushi ne. Wadda ta ƙirga sau nawa mijinta ya wuce wata ƙofa, ba godiya kaɗai ke cin ta ba. Haushinki yana da dalili, amma dubi wanda ya faɗa wa. Hajiya ba ita ta tafi Jamus ba. Tsohuwa ce da aka yi wa takwara ta yi murna, ke kuma kika mayar da ita layi na biyu don ki hukunta ɗanta. Iya ma kin sa ta cikin faɗan da ba ta san da shi ba. Kyautar da kika ba ta ta fi ƙarfin a riƙa dukan wani da ita.

Na mijinki kuwa ba sai na tsawaita ba, kin riga kin yi aikin. Ya bar mace da cikin wata tara a ƙasar da ba ta da kowa, ya aiko da suna ta waya, ya wakilta ki rajista, yanzu yana mamakin wakili ya yi aiki da hankalinsa. Barazanar raba ki da karatu kuma ta fi laifin girma nesa ba kusa ba. Ina jin shi ma ya sani. Abin da ke cin sa kunya ce, ta Hansai da Uwaisu da ta mahaifiyarsa, mai jin kunya kuwa yakan faɗi abin da ya fi ƙarfin niyyarsa.

Ga abin da Malam Uwaisu bai kwafo ba, duk da lauyancinsa. A iya sanina, ana iya gyara sunan yaro cikin wata goma sha biyu daga ranar rajista, amma Turawan nan ba sa goge abin da suka rubuta. Sabon sunan a ƙasan shafin suke ƙara shi, na farkon yana nan a babban littafi da cikakkiyar takarda. Ƙaramar takardar ce kawai ke fitowa da sabon. Ki je ofishin ki tabbatar kafin ki faɗa masa. Haka kuma, in ban yi kuskure ba, uba ma yana iya zuwa ya cike takardar gyaran da kansa. Mijinki ya san hanyar ofisoshi fiye da ke. In cire sunan ne kaɗai bukatarsa, da ya je tun watan jiya. Bai je ba, domin abin da yake jira shi ne ki nuna kin san kin taka shi.

To ki nuna. Ki same shi ba Uwaisu a kusa, ki ce kin yi kuskure da kika ɓoye masa, kin yi kuskure da kika sa sunan a gaban na Hajiya. Ki tsaya a nan, kada ki biyo da amma. Na san zai yi miki wuya, na karanta wasiƙarki. Bayan kwana ɗaya ko biyu ki kawo masa tayi: ku je tare a juya jerin, sunan Hajiya a gaba inda ya kamata ya kasance tun farko, Efrosini a bayansa. Ba ki goge ba, ba ki karɓe kyautarki ba, shi kuma ya sami abin da zai iya duban mahaifiyarsa da shi. A kan cirewa gaba ɗaya, muddin malam bai ce haramun ba ne, ina bayanki. Kada ki sa hannu.

Hajiya kuma ke za ki gaya wa, kada ki bari ta ji daga Hansai. Ki bari ta huta, ta ga likita, sannan ki zauna a gabanta. Kada ki fara da suna, kuma don Allah ki bar tantanin ƙirji da gumakan Rumawa a laburare. Ki fara da yadda jikarta ta faɗo ba kuka. Matan zamaninsu sun binne 'ya'ya fiye da yadda suke faɗi, sun san darajar hannun da ya juya jariri. Ki ce mata ba a fitar wa ungozoma hakkinta ba, ki nemi ta shige gaba a fitar. Rago ba ya wuya a Green Lanes. Ba na yi miki alkawarin za ta so sunan. Mai yiwuwa ta kasa ma faɗinsa, ta laƙaba wa yarinyar wani nata, kamar yadda kakanni suka saba. Amma zan yi mamaki in ta ce a kore ki saboda kin girmama wadda ta ceci takwararta.

Duk da haka ki shirya wa ɗaya ɓangaren. A wannan makon ki rubuta wa mahaifinki ko wanda ya ba da aurenki, ki faɗi komai har da laifinki, don kada labarin ya riga ki isa da wata kama. Ki duba fasfonki ki ga ko izinin zamanki a kan na mijinki yake rataye ko a kan karatunki, in ba ki gane ba ki je ofishin shige da fice na Croydon ki tambaya. Ki kuma sanar da malamin da ke duba aikinki cewa akwai matsala a gida. Ba don ki yi yaƙi ba ne. Mace in ta san inda ƙafarta take, ta fi iya magana a hankali.

Abu na ƙarshe ba naki ba ne. Kin ɓoye sunanki, amma 'yar mujallar nan tana shiga kusan kowane gida na mutanenmu a London, kuma daga nan har Gusau yarinya ɗaya ce ke da wannan suna. Saboda haka maigidan zai karanta, in bai gani ba akwai masu kai masa. Malam, barka da arziki, ko da ta zo a makare. Na ce a ba ka haƙuri a sama, za a kuma ba ka da baki. Kafin ka yanke komai, ka sauka ƙasa ka ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar nan ka yi mata godiya, ba sai da tafinta ba, za ta gane. In ka dubi idonta ka gama, har yanzu kana ganin a cire sunanta daga takardar 'yarka, to ka faɗa mata da bakinka a wurin. Wannan aiken kam ba a wakilta shi.

Allah Ya raya muku yarinya cikin imani da lafiya, Ya sauki Hajiya lami lafiya, Ya sanyaya zukatanku ku biyu.

Taku,
Zinatu Jalo